Layi Uku na Kitson Indo

Zuwa ga ɗiyata A'ishatu, wadda nake kira Ƙawa, a gidan Goggo Rabi, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin sauka lafiya, ina roƙon Allah ya tsare mini ke a garin mutane, ya tsare ƙafarki da bakinki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki a wannan jami'ar da kika cika mana kunne da zancenta shekara guda cur. Ki gaishe da goggonki, ki ce ina godiya da ɗawainiya. Babanki ma yana gaishe ki. Kin dai san halinsa, cewa kawai ya yi, “Ki ce mata ta riƙe salla,” ya ɗauki hularsa ya fita.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Sau biyu ina ɗaukar wayar zan aiko miki da murya, sai in fasa in ajiye ta. Kuma na san ki, murya kina saurara ne kina wani abu, in kin gama ki goge. Shi ya sa na yago tsakiyar tsohon kayenki na lakwal, littafin rubutun nan na makaranta, na ɗauki bik ɗin rubutun da kika bari a kan taga. Rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki, ai ke ce mai bak, jarrabawar shiga jami'a.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Maganar ledar nan ce da kika danƙa mini a tasha, mota na shirin tashi. Na buɗe na gani: madara, sikari, ganyen shayi, da sabulu mai ƙamshi. Kika ce, “Inna, ki kai wa Saude, ki ce ina gaishe ta,” kika faɗa mota tun ban buɗe baki ba. To, ledar tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ban kai ba, kuma ba zan kai ba.

Saude ce fa, Ƙawa. Yarinyar da kuke cin tuwo kwano ɗaya tun kuna yawo ba ɗankwali. Tun ranar da kabu-kabu ya kaɗe ta ya karya mata cinya, ana saura ƴan kwanaki ku zauna bak, take kwance a ɗakin uwarta. Ke kin rubuta kin ci, ita ko ƙofar ajin ba ta gani ba. Da farko kullum kina can. Daga ranar da sakamako ya fito ƙafarki ta yi nauyi, har kika bar Matameye ba ki yi mata sallama ba. Na san ba mugunta ba ce. Kunya kike ji, kina ganin kamar murnarki za ta yi mata ciwo. Na san wannan kunyar ciki da bai, domin ni ma ta taɓa kama ni, kuma ta raba ni da abin da har gobe ban sami madadinsa ba.

Kin san sunan aminiyata aka sa miki, shi ya sa ban taɓa kiranki da komai ba sai Ƙawa. Amma ban taɓa ba ki labarinta har ƙarshe ba. A'ishatu ce, kowa yana ce mata Indo Mai Kitso. Gidan mijinta yana bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ma gajera ce, don ta kanta muke miƙa wa juna gishiri da gulma. Mazanmu duka ƴan ci-rani ne a lokacin, da an gama girbi sai su nufi Kano, su bar mu da yara da awaki. Ranin nan duka tare muke cinye shi. Duk Alhamis ta biyu nakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidansu, in ɗora kaina a cinyarta, ta ɗauko kibiyarta da ɗan kaskon man shanu. Kafin ta gama layin farko na yi barci, ita kuwa tana ta zuba, ba ta damu ko ana ji ba. Tana da wata alama: in ta gama, sai ta yi wani ɗan siririn kitso a bayan kunnen hagu. Ko a kasuwa mace ta gyara ɗankwali aka hango shi, an san hannun Indo ne.

Sai ciwo ya kama ta. Daga gwiwoyi ya fara, kamar wasa, har ya kai ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. An kai ta likita a Damagaram, suka faɗi sunan ciwon da Faransanci, babu wanda ya iya riƙe shi a cikinmu. Aka dawo da ita gida da magani, aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa.

Kin san abin da na fara kai mata? Irin ledarki sak. Madara, sikari, ganyen shayi. Na shiga ina taƙama, sai na tarar da gwangwanaye jere a kan taga, kowa abin da ya kawo ke nan. Indo ta dube ni ta ce, “Hauwa, ke ma? Ashe shago kuke so in buɗe. To ku haɗo mini da teburi.” Muka yi dariya, amma na ji kunya. Madarar nan baƙin mijinta ne suka shanye ta. Ita bakinta ɗaci yake yi saboda magani, abin da take marmari shi ne kwaɗon zogale da ƙuli mai yaji, wanda da hannuna na san yadda take son sa. Sai da ta roƙa da bakinta sannan na tuna. Ki ji ni, Ƙawa: madara da sikari kayan wanda bai san mutum ba ne, ya kai don a ce ya kai. Ke kin san Saude. Kin san ba ta shan shayi ko da lafiyarta. Kin san in rake ya shigo ba a jin bakinta sai tauna. To, in abin ci za ki kai, ki sayi raken fadama mai kauri, ki fere shi, ki yanka ƙanana yadda mai kwance zai iya ci, ki haɗa da ɗan kwanon da za ta riƙa tofarwa, kada ta rasa inda za ta zubar ta ji ta zama kaya.

Daga nan kuma sai na zama boka. Duk wanda ya ce mini ga saiwa, ga sassaƙe, ga wani mai magani a Yauri, sai in kwaso in kai mata. Ɗakinta ya koma warin jiƙe-jiƙe. Ba ma wannan ba, nakan zauna in ce, “Ai wance ma haka nata ya fara,” ina ganin ina ɗebe mata kewa, alhali wancen nan an binne ta tun bara. Rannan Indo ta ce, “Ke dai duk wadda kika sani mai irin ciwona ta mutu. Ba ki san ko ɗaya da ta tashi ba?” Kada ki kai wa Saude magani, tana da masu yi mata. Kada ki ba ta labarin wanda ƙafarsa ta gajarce bayan ɗori. In kin lura za ki ga ƙananan abubuwa ne ke damun mai kwanciya, waɗanda yake jin nauyin ya yi ta roƙo. Wayar cajinta gajera ce, ba ta kaiwa inda take kwance, sai ta jira wani ya shigo. Ƙarƙashin ɗorin yana mata ƙaiƙayi, ba ta da abin sosawa. Maficinta ya yage. Madubi yana rataye can sama inda masu tsayuwa kaɗai ke gani. Ki duba da idonki, ɗakin zai gaya miki abin da babu.

Wani kuskuren nawa kuma, na daina yi mata hira. Wai don kada ranta ya sosu, sai na ɓoye mata komai. An yi biki a unguwa ban faɗa ba, an yi suna a Kurni na je na dawo na yi shiru. In zan shiga ɗakinta sai in rage murya, in langaɓe kai, in yi ta “Sannu, Indo, sannu, Allah ya sawwaƙe,” har sau ashirin. Ta ƙyale ni kwana da kwanaki, sannan ta ce, “Hauwa, don Allah in za ki shigo ki bar fuskar ta'aziyyar nan a waje. Ina jin kiɗa ta kan katanga, ina jin guɗa. Kurma kika mai da ni? Wa ya auri wa? Me amarya ta sa? Wa ya yi faɗa a bakin famfo?” Ranar na zauna na zazzage mata duka, ta yi dariya har da hawaye. Daga nan in na je biki sai in ƙullo mata rabonta na alkaki da nakiya a gefen zane, kamar yadda ake yi wa wadda haihuwa ta hana fita. Muka jawo katifarta bakin ƙofa inda take ganin tsakar gida da masu shige da fice.

Ke ma abin da kike yi ke nan, sai dai naki ya fi nawa, tunda ke kanki kika ɓoye gaba ɗaya. Kina zaton Saude ba ta san kin ci bak ba? Ta ji guɗar da na yi, har gidansu ta kai. Ba murnarki ce za ta yi mata ciwo ba. Abin da zai yi mata ciwo shi ne a ce ita kaɗai ce a garin nan ba ki yi murnar da ita ba. Ki ba ta labarin Damagaram, da layin da kika bi wajen rajista, da yadda Goggo Rabi ke ƙirga miki lomar tuwo da ido. Baɗi in Allah ya yarda ita ma za ta bi wannan layin, gara ta san shi tun yanzu.

Kuma ki sani, makon farko ɗakin majinyaci ba ya rasa mutane. Na Indo har takalma ba su da wurin ajiyewa. Bayan wata guda sai ƙudaje. Jiya da na leƙa gidan su Saude, takalmi ɗaya ne a ƙofar ɗakin, na uwarta.

Yanzu ga wanda na daɗe ina kewaye-kewaye don kada in zo kansa. Sallar layya ta matso, kaina ya yi wata biyu ba kitso, ya cukurkuɗe. Na ce a raina, yaya zan je in ɗora wa mai ciwo kai a cinya? Ai rashin tausayi ne. Sai na lallaɓa can ƙarshen gari wurin wata mai kitso da ake kira Delu, ta yi mini shuku. Na ɗaure da ɗankwali tamau, na ce Indo ba za ta sani ba.

Ranar salla na kai mata nama. Na sunkuya zan gyara mata matashi, ɗankwalin ya zame ya faɗi a kan ƙirjinta. Ta dubi kaina. Ta kai hannu bayan kunnena na hagu ta shafa, babu komai a wurin. Sai ta ce, “Hannun Delu ne. Ta ja miki gaban goshi da yawa, zai ci miki gashi.”

Na fara kame-kame, “Indo, na ga ba ki da lafiya ne, ban so in wahalar da ke.”

Ta ɗaga hannayenta biyu ta juya su a gabana. “Ƙafa ce ta ƙi, Hauwa. Waɗannan lafiyarsu lau. Tun da na kwanta kowa kawo mini yake yi, a ba ni, a ɗaga ni, a kwantar da ni. Babu wanda ya zo ya ce, Indo, yi mini. Na ce duk wanda ya cire ni daga lissafi, ke ba za ki cire ni ba. Alhamis nawa ina sa a ajiye mini man shanu.” Ta miƙo mini ɗankwalina, ta juya fuska bango.

Ƙawa, da ina da hankali, a ranar zan zauna in tsefe kan nan a gabanta. Sai kunya ta kama ni, irin taki. Na ce bari kitson ya tsufa tukuna, kada kuɗin Delu su tafi a banza. Ki ji wauta. Na koma aika abinci ta hannun maƙwabciya, ni kuwa in na ji muryarta ta kan katanga sai in shige ɗaki. Ana haka danginta suka zo suka ɗauke ta zuwa Dungu, wurin uwarta, don a fi kula da ita. Na ce zan je ranar kasuwa. Aiki ya taso, na ce sai ta gaba. Ga cikinki ya fara nauyi, na sami abin fakewa. Dungun da ke nan kusa, sai da na yi wata biyar ban taka ba.

Ranar da na tashi zuwa, ban sayi komai ba. Na tsefe kaina tas, na wanke, na ɗaura ɗankwali a kan gashi a buɗe, na hau mota da ɗan kaskon man shanu. Na same ta a jingine da bango, ta rame har sai da na yi da gaske na riƙe fuskata. Ban ce sannu ba. Na zare ɗankwalin na ce, “Indo, yi mini.”

Ta yi wata irin dariya da na yi wata biyar ban ji ba. “Kai, jama'a, ku zo ku ga sheƙar angulu! Inna, miƙo mini kibiyata, yau an kawo mini aiki.” Na kwanta a gefenta na ɗora kai a kan matashi, don cinyar ba ta ɗaukar nauyi. Sai a lokacin na ga hannayen. Ciwon ya hau su. Yatsun sun kumbura, sun lanƙwashe, kibiyar ma sai da ta haɗa hannu biyu ta riƙe. Ta tsaga, ta fara. Ina jin yatsun suna rawa a kaina, gashin yana suɓuce mata tana sake kamawa, tana ta zuba kamar da, wa ya auri wa, ina labarin akuyata mai satar dusa. Ni kuwa hawaye yana gangara cikin kunnena, na ƙi motsi kada ta gani.

Daga hantsi har aka kira azahar, layi uku ta yi. Indon da ke gama kai biyar a wuni. Layukan sun karkace, ko ɗaya bai kai ƙeya daidai ba. Ta ce, “Na gaji, amma tsaya.” Ta lalubi bayan kunnena na hagu ta yi ɗan siririn nan nata. Sannan ta sa mini kibiyar a hannu ta ce, “Riƙe mini. In kin dawo mu ƙarasa. Da kin zo da wuri da kin sami hannun da kika sani.” Ba da faɗa ta faɗa ba, gaskiya ce kawai ta gaya mini.

Na koma gida da layi uku, sauran gashin a ƙulle. Mata suna ta yi mini tsiya, na ce su bar ni. Ina shirin komawa mako na uku aka aiko cewa Allah ya yi mata rasuwa. Na bar layukan nan a kaina har suka warware don kansu. Da aka haife ki na roƙi babanki sunan, bai musa ba. Allah ya jiƙan Indo, ya sa ciwon ya zama kaffara. Kibiyar tana cikin kwallata har yau, ita ce kike tambayata kullum me ya sa ba a taɓa ta.

To, ga abin da ya sa na ƙi kai ledarki. Ranar da za ki tafi na dubi hannayenki a tasha, na gan su fari fat. Ke da ko sunan ƴar tsana aka yi sai Saude ta zana miki lalle, za ki tafi jami'a ba ko ɗigo. Goggonki ta aiko cewa a kai ki wurin wata mai lalle, kika ce ba ki so. Nan kin fi ni, Ƙawa, ba ki kai hannunki wurin Delu ba. Amma ba ki kai wa mai shi ba kuma. Saude cinya ta karye, hannunta garau yake, kuma wata uku ke nan babu wanda ya ce mata yi mini. Na san ba irin ciwon Indo ba ne, za ta tashi da yardar Allah. Sai dai in ta tashi za ta tuna wanda ya zauna da wanda ya aiko leda, kuma zumuncin da aka bari ya yi sanyi ba kullum yake komawa yadda yake ba.

Jiya da na shiga ta gaishe ni da fara'a, muka taɓa hira. Da na tashi tafiya sai ta ce, ba ta ko dube ni ba, “Inna, A'i ta tafi ke nan?” Na ce, “Rajista ta je yi, ranar Juma'a tana nan tafe, ta ce ki shirya mata lalle, hannu da ƙafa.” Ba ki ce ba, ni na ce. Ki yafe mini, amma kada ki mai da ni maƙaryaciya da furfurata. Kin gaya mini ba za a fara karatu ba sai mako mai zuwa, kuma motar Matameye ba ta ƙarewa a tasha. Ina fita na ji tana kiran uwarta, wai a duba mata ko lallenta bai lalace ba, a kuma jawo katifar kusa da haske.

Na sayi sabon lalle na tankaɗe, rake kuma zan bari sai ranar don kada ya bushe. Madarar kuwa, babanki ya sa mata ido, ina jin shi za ta ƙare wa. Ke dai ki taho da hannayenki yadda suke.

Allah ya kawo ki lafiya ya mai da ke lafiya, ya tsare hanya gaba da baya. Allah ya ba Saude sauƙi, ya sa ku tsufa tare, abin da ni da Indo ba mu samu ba. Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Hauwa, daga Matameye.